Masu Bi da Marasa Bi: Tarihin Saɓanin Kirista da Maguzawa a Karkarar Arewacin Kano

1.0 Gabatarwa

In aka ambaci rikicin addini a ƙasar Kano, abin da kan fara zuwa zuciyar mai karatu shi ne tarzomar birni, kamar wadda aka yi a Fagge cikin Oktoba 1982 a kan ginin coci, ko wadda ta ɓarke cikin Oktoba 1991 a kan zuwan mai wa'azin nan Bajamushe, Reinhard Bonnke. Waɗannan an yi rubuce-rubuce da yawa a kansu. Amma akwai wani saɓani da ya girme su, wanda bai cika samun mai kula da shi ba, domin a ƙauye aka yi shi, kuma galibi a cikin gida ɗaya. Shi ne saɓanin da ya shiga tsakanin Bahaushen da ya karɓi Kiristanci da danginsa waɗanda suka tsaya a kan Maguzanci, watau tsakanin waɗanda suka kira kansu masu bi da waɗanda suka laƙaba wa suna marasa bi.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin wannan saɓani a karkarar da ke arewa da arewa maso yammacin birnin Kano, daga farkon ƙarni na 20 zuwa yau. Za a duba ƙasar da mutanenta, da kalmomin da aka yi amfani da su wajen kiran juna, da yadda mishan ta shigo, da kuma abubuwan da aka yi jayayya a kansu. Abin da maƙalar ke son nunawa shi ne cewa gardamar aƙida ba ita ce ta fi zafafa gabar ba. Abin da ya fi zafafa ta shi ne abubuwan da 'yan gida ɗaya ke tarayya a kansu, watau gona da yanka da giya da aure, sai kuma sunan da wani ya ɗora wa wani ba da yardarsa ba.

2.0 Ƙasar da Mutanenta

Karkarar da ta kewaye birnin Kano tana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma. A 1965 Michael Mortimore da J. Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello suka fitar da nazari a kan ƙasa da jama'ar wannan yanki, kuma tun daga lokacin masana suka riƙa ɗaukarsa a matsayin misali na yadda ƙasa ke ciyar da ɗimbin jama'a ba tare da an bar ta ta huta ba. A ƙasashen Ungoggo da Minjibir da Dawakin Tofa da Tofa da Bichi da Ɗambatta, gona tana manne da gona. Gero da dawa da wake da gyaɗa ake shukawa shekara bayan shekara, a ƙarƙashin gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya, ana taimakon ƙasar da takin dabbobi da sharar birni wadda ake kaiwa da rani. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 da bunƙasar cinikin gyaɗa da ya biyo baya sun ƙara wa kowane taƙi na ƙasa daraja.

Wannan cunkoso yana da nasaba da tarihin addini. Gidan Bamaguje babban gida ne: uba da 'ya'yansa magidanta da jikoki, duk suna noma gandu ɗaya, mata kuma suna fita gona kamar maza. Irin wannan gida yana bukatar fili mai faɗi da daji a kusa. Saboda haka, gwargwadon yadda jama'a ta yi yawa kusa da birni, kuma Musulunci ya game ƙauyuka, haka Maguzawa suka riƙa raguwa a tsakiyar yankin, wasu suka musulunta, wasu suka ja da baya zuwa gefe. Shi ya sa a ƙarni na 20 aka fi samunsu a bakin yankin, wajen Gwarzo da Ƙaraye da Rogo ta yamma, da ƙasar Roni ta masarautar Kazaure, wadda ta koma Jihar Jigawa a 1991, da kuma kudancin masarautar Kano. Ƙidayar 1952 da ta 1963 sun nuna cewa Musulmi sun kai kashi 97 zuwa 98 cikin 100 na mutanen ƙasar Kano. Ke nan Kirista da Maguzawa, in an haɗa su duka, 'yan tsiraru ne ƙwarai, kuma wannan yana da muhimmanci wajen fahimtar abin da zai biyo baya.

3.0 Kalmomin Kiran Juna

Kafin a shiga tarihin mishan, ya kamata a tsaya a kan kalmomi, domin a cikinsu aka fara shuka gabar.

Kalmar Bamaguje, jam'i Maguzawa, masana da yawa suna ganin ta samo asali ne daga kalmar Larabci Majus, sunan da aka san masu bin tsohon addinin Farisa da shi. A fiƙihun Malikiyya ana karɓar jiziya daga wanda ba Musulmi ba, a bar shi da addininsa a ƙarƙashin amana. Ɗora wa manoman Hausa waɗanda ba su yin salla wannan suna ya ba su matsayi a shari'a: suna biyan abin da aka aza musu ta hannun shugabanninsu, irin su sarkin arna, ana kuma barinsu da gonakinsu da al'adunsu. Akwai kuma bayanin baka da ya shahara, wanda ke danganta sunan da gudu, watau waɗanda suka guje wa salla. Ko wanne aka ɗauka, abu ɗaya ya tabbata, cewa sunan daga waje aka kawo shi, kuma yana bayyana mutum ne ta abin da ba ya yi.

Kalmar arne, jam'i arna, wadda ake cewa azne ko anne a Hausar yamma da ta ƙasar Maraɗi, ta fi nauyi a kunne. A wasu wurare tana ɗauke da ma'anar manomi ɗan asalin ƙasa, amma a bakin mutanen gari ta zama kalmar raini, mai nufin jahili, mashayi, marar tsarki. Abin lura shi ne irin wannan ya faru a Turai, inda kalmar Latin paganus, wadda asalinta ɗan ƙauye take nufi, ta koma sunan wanda bai karɓi Kiristanci ba. A wuraren biyu duka addinin littafi a birni ya fara kafuwa, sai mutumin ƙauye ya zama shi ne abin misali na rashin addini.

To amma Maguzawa ba su taɓa musun samuwar Allah ba. Joseph Greenberg, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya kuma buga littafinsa a kansu a 1946, ya nuna cewa sun yarda Allah ne mafi ɗaukaka, sai dai suna ganin ya yi nisa da harkokin yau da kullum. Waɗanda ke kusa su ne iskoki, irin su Kure da Doguwa da Uwar Dawa da Gajimari, masu kawo lafiya ko cuta, albarkar gona ko asara. Kowane iska da irin dabbar da yake so da launinta, kowane dangi kuma da kan gidansa. Greenberg ya kuma nuna yadda Musulunci ya riga ya yi tasiri a kan wannan addini, har aka sami iskoki masu kama da malamai da sarakuna. Haka shi ma Muhammad Sani Ibrahim ya yi bayanin tsafe-tsafe da bukukuwan Maguzawa a kundinsa na Jami'ar Bayero na 1982. Saboda haka kiran Bamaguje marar addini kuskure ne tun daga tushe.

Da mishan ta zo, ba ta ƙirƙiri sababbin kalmomi da yawa ba. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka kammala buga shi a 1932, ya ɗauki kalmomin da Musulunci ya riga ya shigar cikin harshen: Allah, Shaiɗan, aljannu, zunubi, annabi, Almasihu, tuba. Kirista suka kira kansu masu bi, waɗanda ke waje kuwa marasa bi ko marasa ba da gaskiya, a maganar yau da kullum kuma arna. Ta haka Bamaguje ya wayi gari yana jin wa'azi iri biyu da kalmomi iri ɗaya. Malam yana ce masa ya tuba, mai bishara ma yana ce masa ya tuba, kuma duka biyun sun haɗu a kan cewa abin da ya gada ɓata ne.

4.0 Shigowar Mishan

Yunƙurin farko na kawo mishan Kano bai yi nasara ba. A 1900 Bishop Herbert Tugwell na ƙungiyar CMS ya iso birni da 'yan rakiyarsa, cikinsu har da Dokta Walter Miller, amma Sarkin Kano Alu ya umarce su da su fita cikin 'yan kwanaki. Bayan Turawa sun ci Kano a Fabrairu 1903, Lugard ya yi alkawari a Sakkwato cewa gwamnati ba za ta sa baki cikin addinin jama'a ba. Gwamnoni da razdanonin da suka biyo baya suka fassara wannan alkawari da cewa ba za a bar mishan ta kafu a ƙasashen sarakunan Musulmi ba. Kusan shekara 30 aka yi a haka.

Ƙungiyar da ta fi tasiri a karkarar Kano daga baya ita ce Sudan Interior Mission, wadda aka fi sani da SIM. Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham ne suka fara ta a 1893, biyu na farko suka mutu a 1894, Bingham ya ci gaba da tafiyar da ita daga Kanada. Ya kamata a san irin mutanen da ta turo. Galibinsu 'yan Kanada da Amurka da Ingila ne masu riƙo da nassin Littafi Mai Tsarki kalma da kalma, kuma sun taso ne a lokacin da ake zazzafar gardama a ƙasashensu tsakanin masu irin wannan riƙo da masu shakka. Tun bayan littafin Charles Darwin na 1859 wannan gardama take ci, har ta kai ga shari'ar malamin makaranta John Scopes a jihar Tenesi ta Amurka a 1925, saboda koyar da ra'ayin Darwin. Mutanen da suka fito daga irin wannan fage sun saba raba duniya gida biyu, masu ceto da ɓatattu, babu tsakiya. Da wannan ma'auni suka auna Bamaguje, ko da yake shi bai yi kama da masu shakkar Turai ta kowace fuska ba.

An sassauta takunkumin a zamanin Gwamna Donald Cameron, wanda ya yi mulki daga 1931 zuwa 1935, amma da sharuɗɗa: sai da yardar sarki, kuma ba a yin wa'azi a kasuwa ko kusa da masallaci. A 1933 SIM ta sami wurin zama a Kano da Garko. A 1937 aka danƙa mata kula da kutare a lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, ta haka aka sami asibitin Yadakunya a ƙasar Ungoggo, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Asibitin ido na Kano ya biyo baya a 1943. Cikin shekarun 1930 da 1940 tashoshi suka bazu zuwa wurare kamar Roni da Ƙaraye da Kabo da Tofa. Roni ta yi suna da makarantar kwana ta maza, Kabo da ta mata, Tofa kuwa da makarantar horar da masu bishara. Shobana Shankar, a littafinta na 2014 a kan asalin Kiristanci a ƙasashen Musulmi na Arewa, ta nuna yadda asibitin kutare da makaranta suka zama ƙofofin da jama'a suka fi shiga ta cikinsu.

A nan akwai abin lura game da wuri. Manyan cibiyoyin mishan, irin su Yadakunya da Tofa, suna tsakiyar ƙasar Musulmi mai cunkoso, inda dokar gwamnati da ra'ayin jama'a suka taƙaita wa'azi. Inda ƙofa take a buɗe shi ne gidajen Maguzawa da ke gefe, domin alkawarin Lugard ga sarakunan Musulmi aka yi shi, kuma ba wanda ya ɗauka ya shafi mai yanka wa Kure. Saboda haka masu bisharar da aka horar, waɗanda yawancinsu baƙaƙen fata ne masu jin Hausa, wajen Maguzawa suka fi nufa.

5.0 Abubuwan da Aka Yi Jayayya a Kansu

5.1 Yanka da Gona

A tsarin gandu, maigida shi ne shugaban noma kuma shi ne limamin gida. Shi ke riƙe da rumbuna, shi ke biyan haraji, shi ke yi wa 'ya'ya auren fari, shi kuma ke yanka a gindin jigo ko wata itaciya kafin shuka da bayan girbi, jama'ar gida su ci naman tare. Wannan yanka na gida ne baki ɗaya, domin a ganinsu iska ba ya ware mutum ɗaya in ya yi fushi. Saurayin da ya dawo daga makarantar mishan ya ce ba zai ci naman ba, a nasa ganin yana kiyaye imaninsa ne. A ganin ubansa kuwa ya jefa gidan duka cikin haɗari, ga shi kuma yana cin tuwon dawar da aka samu da albarkar yankan da ya ƙi. In aka yi fari, ko yaro ya mutu, ko akuya ta yi ɓari, ba a wahalar neman mai laifi.

Wani abin mamaki shi ne ɓangarorin biyu ba su saɓa a kan samuwar iskoki ba. Sabon mai bi bai ce babu Doguwa ba. Cewa ya yi aljana ce, ma'aikaciyar Shaiɗan, kuma ya sami wanda ya fi ta ƙarfi. Shi ya sa ƙona layu da kayan tsafi a bainar jama'a ya zama alamar tuba a wurare da yawa da mishan ta yi aiki, kuma shi ya sa dattawa suka ɗauke shi a matsayin tsokana. Jayayyar ta biyayya ce: wa za a bi, wa za a ji tsoro. Ba wanda ke cikinta da za a kira shi marar imani da gaskiya.

5.2 Giya

Giya a wurin Maguzawa ta wuce abin sha. Da ita ake kiran gayya, da ita ake biki da zaman makoki, da ita ake girmama baƙo, ana kuma zuba wa iskoki. Bugu da ƙari, dafa ta sana'ar mata ce, wadda ke ba su kuɗin kansu. SIM ta haramta wa mabiyanta shan giya da dafa ta, haka ma cocin ECWA da ya fito daga cikinta a 1954. Wanda ya bar giya ya bar wurin da ake yanke shawarar unguwa, matar da ta bar dafawa kuma ta rasa jarinta. Daga nan zargi ya riƙa gudana ta fuska biyu. Masu bi suna kallon danginsu a matsayin mashaya waɗanda ke ƙarar da hatsi a tukunya, dangin kuma suna kallonsu a matsayin masu girman kai waɗanda suka ƙi ƙwaryar da iyayensu suka sha a ciki. Cocin Katolika, wanda ya faɗaɗa aikinsa cikin Maguzawa daga baya, bai haramta giya ɗungum ba, kuma wannan ya sauƙaƙa wa wasu shiga.

5.3 Aure

Arzikin Bamaguje a mutane yake: mata da 'ya'ya masu riƙe fartanya. Mishan kuwa mace ɗaya ta yarda da ita, kuma ta daɗe ba ta yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma. Dattijon da ya so shiga sai ya tarar an gindaya masa sharaɗin rabuwa da iyayen 'ya'yansa, abin da ya sa Kiristanci ya fi kama matasa, ya kuma mai da saɓanin ya zama na uba da ɗa. Har ila yau, an hana mai bi auren marar bi. Yarinyar da ta yi makaranta ta ƙi mijin da aka karɓi dukiyarsa, sai a mayar da dukiya, zumuncin gidaje biyu ya yi rauni. Saurayin da ya ƙi matar da ubansa ya zaɓa ya rasa hujjar zama a gandu, sai ya ware da 'yar gayaunarsa, ko ya tafi neman aikin malanta ko na asibiti. A ƙasar da fili ya yi ƙaranci, warewa daga gandu magana ce ta abinci da gado.

5.4 Cuta da Magani

Fage na huɗu shi ne jinya. In ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, gidan gargajiya wajen boka da 'yan bori yake nufa, a gano iskan da ya taɓa mutum, a yi masa girka. Mai bi kuwa addu'a da asibitin mishan ya sani. A kan gadon marar lafiya ɗaya sai a sami ra'ayi biyu, in ya warke kowa ya ce nasa ne ya yi aiki, in ya mutu kowa ya ga laifin ɗan'uwansa. Sai dai a wannan fage ne kuma aka fi samun sassauci, domin mai ciwo ba ya zaɓen ƙofa, kuma Maguzawa da Musulmi da yawa sun sha maganin mishan ba tare da sun canza addini ba.

6.0 Juyin Zamani

Duk da waɗannan, gabar ba ta kai ga zubar da jini irin na birni ba. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Masu bi da marasa bi jini ɗaya ne, gonakinsu suna maƙwabtaka, rijiyarsu ɗaya, kuma dukansu 'yan tsiraru ne a gaban hakimi da alƙali. Daga shekarun 1960 abubuwa uku suka sauya yanayin.

Na farko shi ne rangadin musuluntarwa da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya yi daga 1963 zuwa 1965, da ayyukan Jama'atu Nasril Islam da ƙungiyoyin da'awa da suka biyo baya. Zama ba Musulmi ba kuma ba Kirista ba ya ƙara wuya. Na biyu shi ne ilimin boko, musamman shirin firamare kyauta na 1976, wanda ya kai makaranta ƙauyuka. A makaranta da takardun gwamnati addini biyu aka sani, yaro kuma ba ya son a kira shi arne a gaban 'yan ajinsu. Na uku shi ne tattalin arziki. Murray Last, wanda ya zauna a wani gidan Maguzawa kusa da Malumfashi a farkon shekarun 1970, ya nuna a nazarinsa na 1979 cewa canza addini yana da alaƙa da neman abinci, domin mai son shiga fatauci yana bukatar amincewar 'yan kasuwa, su kuwa Musulmi ne. Jerome Barkow ma ya kwatanta zaman Musulmi da na Maguzawa a maƙalarsa ta 1973.

A cikin wannan matsi, Maguzawa da yawa suka musulunta, wasu da yawa kuma suka zaɓi Kiristanci, a wani ɓangare domin yana ba su addinin littafi da makaranta ba tare da sun narke cikin mutanen garin da suka daɗe suna raina su ba, matansu kuma suna ci gaba da fita gona. Watau addinin da kakanni suka ɗauka mai rushe gida, shi jikoki suka mayar garkuwar gidan. A cikin shekarun 1970 gwamnati ta karɓi makarantu da yawancin asibitocin mishan, SIM kuma ta miƙa sauran ayyukanta ga ECWA a 1976, shugabanci ya koma hannun 'yan ƙasa.

Daga nan sai sunan ya juyo. A yau in aka ce Maguzawa a Kano, sau da yawa Hausawa Kirista na karkara ake nufi, ko da kuwa an yi zuriya biyu ko uku ba a yi yanka a gidansu ba. Kalmar arne, wadda kakanninsu masu bi suka jefi iyayensu da ita, ita ce wasu ke jifansu da ita yanzu. Wasunsu sun rungumi sunan Maguzawa a matsayin shaidar cewa su 'yan asalin ƙasa ne, wasu kuwa sun ƙi shi, sun fi son a ce Hausawa Kirista ko Masihiyawa, kamar yadda sunan Tarayyar Masihiyawan Nijeriya ya nuna. Sukan kuma yi kukan wahalar samun filin gina coci da malaman addininsu a makarantun gwamnati.

A ƙarni na 21 rashin bi ya sami wata sabuwar ma'ana, wadda ta fi kusa da abin da Turawan mishan suka baro a ƙasashensu, watau mutumin da ya yi boko ya ce bai yarda da kowane addini ba. Shari'ar Mubarak Bala, ɗan Kano, shugaban wata ƙungiya ta masu irin wannan ra'ayi, ita ce ta fi fitowa fili. An kama shi a Kaduna a Afrilu 2020 saboda kalamansa a kan addini, babbar kotun Kano ta yanke masa ɗaurin shekara 24 a Afrilu 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa shekara 5 a 2024. Shari'ar ba tsakaninsa da Kirista aka yi ta ba, amma ta nuna cewa Hausa tana amfani da kalmomi guda, arne da kafiri da marar addini, ga mutane uku da ba abin da ya haɗa su: mai bautar iskoki, da Kirista, da mai musun addini gaba ɗaya.

7.0 Kammalawa

An ga cewa saɓanin masu bi da marasa bi a karkarar Kano ya taso ne daga haɗuwar addini mai neman mutum shi kaɗai da tsarin zama wanda ya ɗauki gida a matsayin jiki ɗaya. Matashin da ya ƙi naman yanka yana da hujja, domin imani ba ya yiwuwa da tilas. Dattijon da ya ji zafin haka shi ma yana da tasa, domin an kira shi ɓatacce a cikin gidansa, da harshensa, ba tare da an tambaye shi abin da ya sani game da Allah ba. Tarihin ya kuma nuna cewa sunan raini ba ya zama wuri ɗaya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Akwai aiki a gaban masu nazari. Tun bayan 1963 ba a sami ƙidaya karɓaɓɓiya da ta nuna addinin jama'a ba, domin an soke ta 1973, ta 1991 da ta 2006 kuma ba su yi tambayar ba. Dattawan da suka ga zamanin Roni da Tofa da idonsu, ta ɓangaren masu bi da ta ɓangaren waɗanda suka ƙi, suna ƙarewa. Yawancin abin da aka rubuta daga bakin mishan ko na baƙin masana ya fito, muryar wanda ya tsaya a gindin jigo ita ce ta fi ƙaranci. Kirarin iskoki, da waƙoƙin noma da na biki, da kalmomin gandu da na yanka, duk dukiyar harshen Hausa ce, ko mutum ya yarda da aƙidar da ke bayansu ko bai yarda ba. Ya kamata sassan Hausa da na tarihi a jami'o'i su tura ɗalibai ƙauyukan Gwarzo da Ƙaraye da Roni su naɗo waɗannan bayanai daga bakin masu su, tun kafin a rasa wanda za a tambaya.